Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Sharhi Kan Muƙalar Tallan Siyasa a Talabijin

Wata Juma'a bayan La'asar muna zaune a ƙofar gida a Gwarzo, sai ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah duba mini wannan. Kwana uku na yi ina fassara ta, so nake in ɗora a Wikipedia ta Hausa." Muƙala ce a kan yadda aka fara tallata 'yan takara a talabijin. Na bi ta daga sama har ƙasa. Hausarsa ba laifi, shekarun da ya kawo daidai suke, kowace magana da madogararta. Sai dai tun daga layin farko har na ƙarshe ba ta leƙo waje daga Amurka ba.

A gefenmu akwai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi PRP tun tana ɗanya. Ya ce a karanta masa. Yaron ya karanta, dattijo yana gyaɗa kai. Da aka kai ƙarshe sai ya ce, "To madalla, yaro, ka yi ƙoƙari. Amma mu da Malam Aminu Kano ya cinye Kano a saba'in da tara, wa ya gan shi a akwati?"

Tambayar nan ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kundin sani da aka rubuta da Hausa, mai karanta shi yana Getso ko Garo, yana Maraɗi ko Zangon Kumasi. Idan ya buɗe muƙala bai ga inda labarin ya taɓo ƙasarsa ba, zai ɗauka abin bai taɓa faruwa a wurinmu ba, alhali ya faru, kuma ta hanyar da ta sha bamban da ta Turawa.

Abin da fassarar ta kawo daidai

Kada a yi wa yaron rashin adalci: ɓangaren Amurka dole ne ya zauna, domin can abin ya samo asali. A zaɓen shugaban ƙasa na 1952 ne wani gwanin talla mai suna Rosser Reeves, na kamfanin Ted Bates, wanda ya yi suna da tallan maganin ciwon kai na Anacin, ya shawo kan mutanen Janar Dwight Eisenhower cewa doguwar lacca ba ta zama a kan mai kallo. A yini guda aka zaunar da Janar a wani ɗakin ɗaukar hoto a New York, ya karanta gajerun amsoshi kusan 40. Masu tambayar kuwa daga baya aka nemo su, aka ɗauke su daban, aka haɗa hoton, ya zama kamar talaka ne ya tare shi da tambaya ya amsa nan take. Abokin takararsa Adlai Stevenson ya ga wannan zubar da girma ne, a riƙa tallata shugaba kamar sabulu. Ya fi dogara da jawabin rabin sa'a, wanda sau da yawa sai dare ya yi ake sa shi. Ya sha kaye.

A ranar 7 ga Satumba 1964 aka nuna tallan nan na mutanen Lyndon Johnson: yarinya tana tsinke furen fulawa tana ƙirge, sai ƙirgen ya juye ya zama na tashin bam ɗin nukiliya. Ba a ambaci sunan abokin hamayya Barry Goldwater ba, kuma sau ɗaya tak aka biya kuɗin sa shi. Gidajen talabijin ne suka yi ta maimaita shi a labarai kyauta.

Akwai wani adadi da fassarar ta binne a tsakiya, wanda ya kamata a ɗago shi sama. A 1950 gidajen Amurka masu talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma zuwa 1960 sun doshi tara cikin goma. Tallan daƙiƙa 20 ba ya da amfani sai inda akwatin ya riga ya shiga ɗaki, mutum yana cin tuwonsa tallan ya same shi. Duk wanda zai rubuta labarin Nijeriya, daga wannan ma'auni zai fara.

Me ake nufi da talla?

Gyara na farko shi ne a tsayar da ma'ana, domin abu uku ne ake cakuɗawa. Na ɗaya, lokacin da jam'iyya ta saya da kuɗinta, irin na Eisenhower. Na biyu, lokacin da doka ko hukuma ta raba wa jam'iyyu kyauta. Haka Ingila take yi: ta hana sayen lokacin talabijin don siyasa, tana ba manyan jam'iyyu fili su yi jawabi, kuma tun zaɓen 1951 aka fara nuna irin wannan jawabi a akwati. Na uku, labarai da shirye-shiryen tashar da gwamnati ta mallaka, inda za a nuna gwamna yana yanka kirtanin asibiti, yana buɗe famfo, yana ɗaga hannu a buɗaɗɗiyar mota, ba tare da an kira shi talla ba.

A Amurka na farkon ne ya yi rinjaye, shi ya sa muƙalar Turanci ta tsaya a kansa. A wurinmu kuwa na ukun ne ya fi ƙarfi shekara da shekaru. Muƙalar da ta tsaya neman tallan saye kaɗai za ta dawo hannu biyu ta ce Nijeriya ba ta da tarihi kafin 1993, kuma wannan kuskure ne babba.

Talabijin a Nijeriya ɗan siyasa ne tun haihuwa

A 1953, bayan rikicin ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Legas, Gwamna John Macpherson ya shiga rediyon gwamnati ya soki jam'iyyar Action Group. Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, aka hana shi. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi damar kafa tashoshinsu, gwamnatinsa ta Yamma ta buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, makonni shida kafin zaɓen tarayya na 12 ga Disamba. A wannan kamfe ne Awolowo ya riƙa sauka garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu. Jihar Gabas ta bi sahu a 1960, gwamnatin Sardauna kuma ta buɗe Rediyo Talabijin Kaduna a watan Maris 1962. Kowace jiha da jam'iyyar da ke mulkinta, kowace jam'iyya da tasharta. Mai akwati ba ya buƙatar sayen lokaci, wanda ba shi da shi kuma ko ya zo da kuɗi ba lallai a karɓa ba.

Soja sun tattara tashoshin ƙasar wuri ɗaya da dokar 1977 wadda ta haifar da NTA. Saboda haka zaɓen 1979 ya zo talabijin yana hannun gwamnatin da ba ta cikin takara, aka ba jam'iyyun nan biyar, NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP, fili a shirye-shirye irin su Verdict '79. Kano tana da tasharta a Bompai a lokacin. A zaɓen 11 ga Agusta, Malam Aminu Kano ya kwashe sama da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un jihar, Alhaji Shehu Shagari ya tashi da kashi 19.94 cikin ɗari. Wannan adadi na Kano shi ya jawo shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Satumba.

Tsarin mulkin 1979 ya sake buɗe wa jihohi ƙofa, sai gwamnonin da ba na NPN ba suka shiga gina tashoshinsu don kada NTA ta rufe musu baki. Lateef Jakande ya yi tasa a Legas. A Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa jaridar Triumph a 1980, sannan ya kafa CTV 67 a Hotoro, wadda bayan rasuwarsa a 2010 aka mayar da sunanta ARTV. Kowa a Kano ya san inda muryar siyasa take kwana. A tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad mai ba gwamna shawara kan siyasa a cikinta, gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph suna cikin wuraren da aka cinna wa wuta.

A 1983 ne sana'ar talla irin ta Turai ta shigo da sosai. NPN ta ɗauko kamfanin Saatchi & Saatchi na Ingila, wanda ya yi wa jam'iyyar Margaret Thatcher aiki a zaɓen 1979. A Kano kuwa PRP ta riga ta dare gida biyu, santsi na ɓangaren Rimi da taɓo na ɓangaren Malam. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, Rimi ya sauka daga kujera ya tsaya a NPP, Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci zaɓen gwamna a watan Agusta. Wanda ya gina tasha da jarida bai koma gidan gwamnati ba.

Sai 1993 aka ga tallan saye irin na Amurka a cike da kamarsa: waƙoƙin kamfen Cif MKO Abiola na SDP mai alamar doki, da na Alhaji Bashir Tofa na NRC, da muhawarar da su biyun suka yi a NTA kafin 12 ga Yuni. Dokar da ta kafa hukumar NBC ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi ta fito ne a 1992. Wannan jeri, daga 1959 zuwa 1993, shi ne ƙashin bayan sashen Nijeriya.

Wa ya gani?

Nan ne Gwarzo da Kabo suka shigo, kuma nan ne muƙalar za ta yi abin da ta Turanci ba za ta iya ba. Tsakanin birnin Kano da Gwarzo akwai tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka, Kabo tana kan hanya. Lambar nan 67 da ke jikin sunan CTV ba ado ba ce: tasha ce ta zangon UHF, wanda yake buƙatar eriya tasa daban, kuma ba ya cin nisa kamar zangon da tsofaffin tashoshi suke kai. Ga batun wuta, wadda gwamnatin Rimi ta ba kai ta karkara muhimmanci domin yawancin ƙauyuka ba su da ita. Ga tsadar akwatin kansa. Duk wata jimla da ta ce "jama'ar Kano sun kalli kaza", mai gyara ya tambaye ta: jama'ar Fagge da Nassarawa, ko har da na Lakwaya da Kutama da Gude?

Dattijon nan namu ya ba mu hoton abin yadda ya gan shi. Ya ce akwati baƙi da fari ne na wani attajiri, da magariba ta wuce sai a fito da shi ƙofar gida a ɗora a kan tebur, a jona masa batirin mota. An ɗaure eriya a kan doguwar gora, a sa yaro ɗaya ya riƙa juya ta, na ƙasa suna ihu, "Ya yi! Ya yi! Kai, ya tafi!" Yara a gaba a kan ƙasa, manya a baya a tsaye. Abin da ya tara su Samanja ne, da kokawa, da fim ɗin Indiya. Da zarar wani mai babbar riga ya bayyana yana zuba Turanci, sai mai akwati ya kashe don a tanadi batir.

Saƙon siyasa ta wasu ƙofofi ya riƙa shigowa. Akwai mota mai lasifika da take zagaya kasuwanni. Akwai alamomi da kalmomin gaisuwa da ko wanda bai yi boko ba ya haddace: fartanya da Salama na NPC, tauraro da Sawaba na NEPU, daga baya mabuɗi da Nasara na PRP, gida da masara da Aminci na NPN. Akwai waƙa, tun daga su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja a zamanin NEPU, wadda kaset ya zo ya ƙara mata fiffike. Kafin duk wannan akwai majigi, silimar mota da gwamnatin Jihar Arewa take kaiwa ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a nuna Sardauna yana rangadi. In ana neman kakan tallan siyasa mai motsi a ƙasar Hausa, majigi ne. Brian Larkin ya yi masa dogon bayani a littafinsa Signal and Noise na 2008, wanda a Kano ya yi bincikensa.

Sannan ga rediyo, wanda ya fi su duka. A 1979 ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe. Matar da ke cikin gida ba za ta fito ƙofar gidan attajiri ta tsaya cikin maza kallon akwati ba, amma rediyo yana rataye a jikin turmi tana daka tana ji. Rabin masu zaɓe ke nan da talabijin bai kai gare su ba. Har yau ɗin nan, tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, a shirye-shirye irin su Kowane Gauta ne sojojin baka suke gwabzawa, kuma ɗan siyasar da ke neman kujerar Gwarzo da Kabo a Majalisar Wakilai ya fi damuwa da abin da aka faɗa a kansa a rediyo da dare fiye da hotonsa a akwati.

Ina hujja?

Ƙa'idar kundin sani ita ce ba ka rubuta abin da ka ji a majalisa, sai abin da aka wallafa, wanda wani zai iya komawa ya duba. Ƙa'ida ce mai kyau, ita ce take hana kowa ya zuba son ransa. Sai dai tana yi wa irin tarihinmu tarnaƙi. Amurkawa suna da gidan tarihi a New York da ya tara tallan zaɓensu tun daga 1952, kowa na iya kallo a intanet. Tallan farko a kan fim aka ɗauke su, fim kuwa yana daɗewa. Tashoshinmu sun tashi ne a zamanin faifan bidiyo mai tsada, wanda gidajen talabijin a duniya, har da BBC, suka saba gogewa su sake ɗauka a kai. Wanda ya tsira daga gogewa kuma zafi da ƙura suna jiran sa.

Duk da haka hanya ba ta toshe ba. Takarda ta fi faifai tsawon rai. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da Triumph da Albishir, da Alfijir ta ajami, da Amana ta kamfanin Abiola, suna ɗauke da jadawalin shirye-shirye, da ƙorafin jam'iyyu cewa an hana su fili, da sanarwar hukumar zaɓe ta FEDECO. Akwai Gidan Arewa da ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Mambayya da Gidan Ɗan Hausa a Kano. A sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero kuma akwai kundayen ɗalibai da ƙura ta rufe, waɗanda wasunsu hira ce da ma'aikatan da suka riƙe kyamara a wancan zamani.

Abin da ke bakin dattawa kuwa, mataki biyu yake buƙata. A fara ɗaukar sa da izinin mai shi, a rubuta rana da wuri, a fitar da shi a jarida ko mujalla ko shirin rediyo ko kundin bincike. Bayan nan ne mai gyaran muƙala zai iya jingina da shi. Aikin gyaran nan rabinsa a kwamfuta yake, rabinsa a kan babur tsakanin Getso da Durun.

Tarko biyu

Na farko shi ne a ce talla ne ya ci zaɓe. Ko a Amurka masana ba su yarda da haka kai tsaye ba, domin Eisenhower gwarzon yaƙin duniya ne da farin jininsa ya riga tallansa. A nan gida, Abiola ya fi Tofa ƙuri'a a Kano, jihar Tofa ta haihuwa, a lokacin da gwamnan jihar, Kabiru Gaya, ɗan NRC ne. Mai gaggawa zai ce waƙar talabijin ce ta yi aiki. Wanda ya san Kano zai tuna cewa Rimi da mutanensa suna SDP, kuma jama'ar da aka gina tun zamanin NEPU ba a akwati aka gina ta ba. Muƙala ta faɗi abin da aka nuna, da wanda ya biya, da inda hoton ya kai. In za ta yi maganar tasiri, ta ce wane masani ya ce kaza.

Na biyu shi ne ɓangaranci. Rikicin santsi da taɓo bai mutu ba, ya sauya riga ne kawai, kuma jikokinsa ne suke riƙe da wayoyin da ake gyara Wikipedia da su. Ɗaya zai rubuta cewa CTV muryar talaka ce, ɗaya ya goge ya ce kakakin gwamna ce. Maganin abin shi ne a kawo duka biyun da sunan wanda ya faɗa, a cire kalmomin kirari da na zambo. "Gwarzon talakawa" da "maci amana" duk ba su da wurin zama a kundin sani. Haka kuma in an zo kan dokar yau, a faɗe ta yadda take: an wajabta wa tashoshin gwamnati raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, an kuma hana tallan kamfe sa'o'i 24 kafin ranar zaɓe. Ko ana bi ko ba a bi, wannan sai da hujja.

Yadda za ta tsaya

Na ce wa ɗan ƙanwata ya bar sashen Amurka amma ya rage shi, ya sa sashen Ingila gajere don a ga wata hanyar, sannan ya buɗe babban sashe na Nijeriya mai hawa huɗu: zamanin tashoshin jihohi daga 1959, zaɓen 1979, zaɓen 1983 da yaƙin NTA da tashoshin gwamnoni, sai 1993. A ƙarƙashinsa ya ware wa Kano wuri, ya kuma sa wani sashe a kan rediyo da waƙa da majigi, don mai karatu ya san talabijin ɗaya ne cikin 'yan kasuwa, kuma ba shi ne mai babbar rumfa ba. Kalmomi ma ya zaɓi waɗanda mutane suke faɗa: talla, kamfe, ɗan takara, fili, akwati.

Ya yi shiru yana kallon wayar. Can sai ya juya wajen dattijo ya ce, "Baba, in ba damuwa, zan danna ɗauka. Daga ina za mu fara?"

Dattijo ya gyara zama, ya tura hularsa baya. "Fara daga shekarar da aka kawo akwatin, zan gaya maka gidan wa da wanda yake juya gora. Amma ka rubuta tun yanzu, ni ɗan taɓo ne, ban taɓa zamewa ba. In ka gama da ni, ka hau babur ka je Garo ka nemi ɗan santsi, shi ma ya faɗi tasa."